Miyar Kwalba da Taliyar Juma'a

Shekarar da na gama sakandare aka ɗaura mini aure, kafin ta zagayo ina Riyad. Mijina, da nake kira Malam, ɗalibi ne, yana karatun shari'a. Ɗaki biyu muka kama a unguwar Manfuha, saman shagon wani mai facin taya. Lokacin kuɗin man fetur ne. Garin duk a haƙe yake, ko'ina gini, kantuna kuma sun cika da kayan gwangwani da na kwalba daga ƙasashen da ban san su ba sai a ajin labarin ƙasa.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, abokan Malam a gidanmu suke cin abinci. Gwauraye ne, shi kaɗai ke da mata a cikinsu. Babu garin tuwo, babu kuka, sai ɗan abin da na ƙullo daga gida: daddawa, kanwa da barkono. Saboda haka taliya nake dafa musu, babban tire guda, in tura ta ƙarƙashin labule in koma kicin. Ba sa ganina. Abin da suka sani game da ni shi ne wannan tire, kuma shi za su ba da labari in sun je hutu gida.

Cefane kuwa Malam ke yi, kamar yadda babansa yake yi. Malam bai san tukunya ba. Abu biyu yake dubawa a jikin kaya: ya tabbatar halal ne, ya kuma ga hoton abincin da yake so. Wata Alhamis ya shigo da kwalba mai hoton taliya tana tururi, yana ta fara'a.

"Miya ce haɗaɗɗiya," ya ce. "Juyewa kawai za ki yi. Na rage miki wahala."

"Tumatirin gwangwanin fa?"

"Wannan ta fi shi. Turawa ita suke ci."

Ban buɗe ta ba sai hantsin Juma'a, lokacin ya riga ya fita, shaguna sun rufe. Na sa yatsa na lasa. Zaƙi kamar alawa, ga wani ƙamshin ganye mai kama da daddoya amma ba ita ba. Na soya ta da albasa har mai ya taso. Na zuba barkono, na zuba daddawa. Zaƙin yana nan, bai je ko'ina ba.

Ina kicin ina jin su. Da farko ƙarar cokula ce, ba ta kuma daɗe ba. Sai wani abokin Malam ɗan Damagaram, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ɗaga murya don in ji.

"Amarya, sannu da aiki! Wannan taliya da shayi ake cin ta, ko ita ce shayin?"

Suka kwashe da dariya, har da Malam. Tire ya dawo da fiye da rabi. A gidanmu in kwano ya dawo da abinci, an gaya miki magana ke nan.

Suna fita na tare shi.

"Malam, ko dai in je in zaɓo kayan miyata da kaina, ko abokanka su nemi wurin cin abincin Juma'a."

"Matan gidanmu ba sa zuwa kasuwa."

"Mazan gidanku kuma ba sa sayo alawa su ce miya ce. Ka leƙa ta taga ranar Alhamis, Larabawan nan da matansu suke fita."

Ya ce in rage zafin kai. Na ce ba ni da shi, yunwar baƙinsa ce ta dame ni. Sati ya tafi a haka, muna magana sama-sama. Na riga na yanke cewa in ya sake shigowa da kwalbar da ba ni na zaɓa ba, ba zan kunna risho ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya tsaya a bakin ƙofa.

"In za ki, ki yi sauri kafin su rufe don magariba."

Na zura abaya, na rufe fuska, muka tafi bakala, wato kantin unguwa. Mai shagon ɗan Yaman ne, tsoho mai jan gemu. Ga kwalabe a jere, iri uku na miyar taliya, kowacce da hotonta. Na ɗaga ɗaya na kife ta, ta zubo cikin murfi tsululu kamar ruwan wanke tumatir. Na ajiye. Ta biyu ta Malam ce, na gane ta. Ta uku ja ce sosai, tana gangarowa a hankali, ana ganin ɓarɓashin tumatir a ciki.

Amma ido ba ya gane gishirin miya. A gida ko manja za a saya sai an lasa. Na ce wa Malam ya gaya wa mutumin ya buɗe.

"Ke! Ba a yin haka a nan."

"To ni ba na sayen abin da ban ɗanɗana ba."

Malam ya fassara cikin Larabcinsa na littafi, yana kallon ƙasa. Tsohon ya ce in an buɗe an saya. Na ce na ji. Ya murɗe murfin, na sa yatsa, na shigar da hannu ƙarƙashin mayafin fuskata na lasa. Tsami ne, mai kama harshe. Na miƙa wa Malam, ya lasa ya yamutse fuska.

"Wannan ai ta fi waccan muni."

"Ita za mu saya."

"Da wannan tsamin?"

"Tsami yana da magani, Malam. Suya da kanwa. Zaƙi ne ba ya fita."

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya ga wa ya ci gardamar. Ya yi dariya ya ce, "Khalas, ya hajja," wato shi ke nan, Hajiya, ya naɗe mini kwalbar a takarda.

Washegari na soya albasa a mai, na juye miyar, na jefa kanwa kamar ƙwayar gero biyu, na bar ta a ƙaramar wuta har mai ya kwanta a kanta. Sannan barkono da daddawa, da ɗan naman rago. Na tura tire ƙarƙashin labule.

Ƙarar cokula kawai nake ji, ba tsayawa. Can sai ɗan Damagaram ya ce, "Amarya, yau ba shayi?"

Na ce, "Shayi sai ka yi aure, matarka ta dafa maka."

Aka yi masa dariya. Tire ya dawo kamar an wanke, da saƙon ko akwai ƙanzo a tukunya.

Malam bai taɓa cewa ya canza ra'ayi ba. Alhamis ta gaba dai ya sake tsayawa a bakin ƙofa yana cewa in yi sauri. Da muka isa, akwai sabuwar kwalba a kan kanta, tsohon kuma ya ajiye mini ƙaramin cokali kusa da sikeli.