Hannun da Magagi ya tayar

Rana ba ta gama fitowa ba Magagi mai tausa zai shimfiɗa tabarma a zaurensa na Filinge, ya ajiye ƙoƙon man aduwa. Tun zamanin soja haka yake yi. Manomin da hauya ta riƙe wa baya da ɗan kasuwar da motar Baleyara ta jijjige duk nan suke kwantawa. In kuwa ya taɓa ya ji ciwon ba nasa ba ne, ba ya jan rai. "Wanga na lokotoro ne, tashi ka tahi," in ji shi, wato ciwon na likita ne.

Mutanen ƙauyen Tabla ba su manta shekarar da ɓarin jikin wani manomi, Kailu, ya shanye ba. Lokotoro ya ceci ransa a Yamai, ya ce saura tausa ta watanni. Zaman Yamai kuwa sai an sayar da gona, kuma ita kaɗai Kailu ya gada. Har an fara ciniki labari ya kai wa Magagi, ya hau jakinsa ya zo.

"Kak ku saida gona," ya ce, sannan ya dubi matar gida. "Habsa, matso ki ga yadda nika yi. Ni baƙo ne, ke ka kwana da shi."

Ya nuna mata inda ake dannawa da inda ake sassautawa, yana zuwa yana duba aikinta. Damina ta farko 'yan'uwa suka nome gonar. Ta biyu Kailu ya riƙe hauya da kansa.

Kai ne, Magagi, mai koya wa mutane abin da zai hana su dawowa wurinka. Abokan sana'a sun ce kana kashe kasuwarka, ka yi dariya kawai. Icce mai inuwa, mun gode. Wanda duk ya iya wani abu, ya dube ka ya buɗe hannu.

Yau tsufa ya ƙage yatsun Magagi, ko ƙoƙon man ba ya iya ɗauka, abin da ban tausayi. Amma zauren bai mutu ba. Kowace ranar kasuwa Kailu yakan shigo, ya zauna, ya lakaci man aduwa.

"Miƙo su nan, tsoho," yakan ce. Da hannun nan da ya taɓa mutuwa yake murza su.