Gambar da Kawu Ya Shuka

Jiya na biya ta gonarmu da ke hanyar Malumfashi, na tarar an tuge gambar iyaka, saiwoyinta suna bushewa a rana. 'Ya'yan Kawu ne suka yi wannan aika-aika, wai kamfas ɗin wayarsu, mai nuna arewa, ya nuna gonarmu ta ci tasu. Kawun da ko shekara bai yi a ƙasa ba!

Kawu tsohon ma'aikacin safiyo ne, mai awon filaye, shi ya raba gonar tsakaninsa da mahaifiyata, ƙanwarsa. Ina nan ranar, goye da 'yata ta fari, ƙasa na ƙamshin ruwan shuka. Ya kafa sanda, ya tsuguna yana taunar goro har rana ta take, inuwar sandar ta kai iyakar gajartarta. Na ce, "Kawu, ga kamfas a aljihunku, me kuke jira?"

Ya ce, "'Yar nan, allurar kamfas arewarta daban, kuma tana gusawa da shekaru. Inuwar tsakar rana kuwa kan layin arewa ta gaskiya take kwanciya. Ba zan raba zumunci da abin da ke yawo ba." A kan inuwar ya shuka gambar da hannunsa.

Na faɗa wa babban ɗansa haka. Ya ce, "Hajiya, wannan zancen da ne."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, inda babu mai zuwa da waya ya rage masa ko taku ɗaya.