Ranar da Aka Tsare Leposava a Bakin Ƙofa

Leposava ta yi shekara talatin da ɗaya tana hura wuta a ƙarƙashin wani dogon bene a Smederevo. Kullum da asuba za ta sauka ɗakin ƙasa, ta ɗebi kwal da shebur, ta zuba wa tukunyar da ke ɗumama gidaje arba'in da takwas. Ubanta ne ke aikin kafin bayansa ya ƙi, ita kuwa ta karɓi shebur ɗin tana da shekara ashirin da bakwai. Mutanen benen ba su san fuskarta sosai ba, amma duk ranar da ta kwanta ciwo sai sun sani.

Ta taɓa aure sau ɗaya. Mijin ya tafi Jamus neman aiki, ya samu aikin, ya kuma samu wata. Ba ta bi shi da kuka ba. Dragutin kuwa direban bas ne da matarsa ta rasu, yana zaune a hawa na uku. Wata rana ya sauko yana ƙorafin ɗakinsa ba ya ɗumi. Ta hau ta duba, ta ce ya kwashe wandunan da ya shanya a kan bututu. Daga nan suka shekara bakwai tare, tukunya ɗaya, gado ɗaya. Ya yi maganar zuwa coci a ɗaura musu aure sau biyu, ta ce ta taɓa tsayawa gaban firist, ta ga iyakar amfaninsa.

Duk Kirsimeti Dragutin kan tafi ƙauyensu kusa da Topola shi kaɗai, don tukunya ba ta san biki ba. A bara aka jawo wa benen gas, aka sallami Leposava da takardar yabo. Uzuri ya ƙare. Ranar shida ga Janairu, jajibirin biki, don a can bakwai ga Janairu ake Kirsimeti, ta shiga mota ta bi shi. Abin da ta je nema ɗaya ne, ta kuma faɗa masa a hanya: tana so ta san ko ita 'yar gidan ce, ko kuwa wata mata ce da Dragutin ke zama da ita a birni. In na biyun ne, ba za ta sake zuwa ba, shi ma ya san inda za su tsaya.

Mutum talatin da ɗaya ta ƙirga a gidan, har da Dragutin. Gidan na Inna Vida ne, uwar Dragutin, mai shekara tamanin da shida, wadda ke mulki daga kujerar da ke gefen murhu. Amma mai riƙe da ludayi ita ce Stana, matar babban wan Dragutin, wadda ta shekara arba'in tana suruka a gidan kuma ba ta bari kowa ya manta ba.

Ba su wulaƙanta Leposava ba. Da sun yi haka ma da ta san yadda za ta yi da su. Karrama ta suka yi har ta rasa inda za ta sa kanta. Aka ba ta kujera mai matashi. Aka ciro mata kofin gilashi daga kabad, alhali kowa da na ƙarfe yake sha. Ta miƙe za ta taya yanka albasa, Stana ta tare ta da murmushi.

"Haba, Malama Leposava, zauna abinki. Baƙo ba ya aiki a gidan nan."

Da yamma maza suka shigo da gungumen Kirsimeti, aka watsa musu alkama, aka ɗora shi a murhu. Aka baza karan alkama a ƙasa, aka ci wake da kifi da busassun 'ya'yan itace. Leposava ta ci nata a faranti mai zanen fure, tana kallon wutar. Ba ta gamsu da ita ba. Harshen yana kwanciya, hayaƙi na leƙowa ta baki yana komawa. Ta ce wa Dragutin bututun hayaƙin nan a toshe yake. Ya ce ta bari, shekara sittin haka yake.

Da asuba jikinta ya tashe ta kamar kullum. Ɗakin ya cika da ƙauri, yara na tari cikin barci, gungumen da ya kamata ya kwana yana ci ya kusa mutuwa. Ta sa takalmin Dragutin, ta fita, ta ɗauko tsani a rumbu, ta hau rufi cikin ƙanƙara. Wani tsohon gidan tsuntsu ne ya cushe da baƙin hayaƙi ya daskare. Ta zura sandar wake ta farfasa shi, ta zaro da hannu. Nan take hayaƙi ya miƙe sama sambal.

Ta sauko fuska baƙa ƙirin, ta kama hannun ƙofa, sai ga Stana ta buɗe daga ciki ta baje hannuwa biyu.

"Tsaya nan! Kar ki taka!"

A al'adar ƙauyen, baƙon da ya fara taka gida da safiyar Kirsimeti shi ke ɗauke da shekarar gidan a ƙafarsa. Shi zai daki gungume tartsatsi ya tashi, ya yi wa gida fatan alheri. Ba a barin abin ga sa'a. Gidan Inna Vida sun shekara goma sha tara maƙwabcinsu Gvozden ne ke fara shigowa, tun shekarar da ya shigo saniyarsu ta haifi tagwaye. Mutanen gida kuwa su fita su shiga yadda suke so, ba a lissafa su.

"Sai Gvozden ya zo," in ji Stana. "Ki yi haƙuri, Malama. Ba daɗewa zai yi ba."

"Yaushe yake zuwa?"

"In ya tashi."

"Jiya na ga yadda ya yi da kwalba. Wannan sai azahar."

Gida ya farka. Kawuna suka taru a bayan Stana, wasu da bargo a kafaɗa. Dragutin ya leƙo da safa a ƙafa, don takalminsa na ƙafarta.

"Ga mijinki can ya fito daga wajen shanu," in ji Leposava. "Shi ma zai jira Gvozden?"

"Shi ai ɗan gida ne."

"To."

Wani ƙanen Dragutin ya ce a shigo da ita ta tagar ɗakin baya, taga ai ba ƙofa ba ce. Matarsa ta ce ya rufe baki, shi da ko ranar aurensa ta ƙofar baya ya shiga coci. Wata goggo ta ce a kai mata kujera da bargo waje. Wata ta ce mace ta fara taka gida, ai sai kaji su daina ƙwai.

Leposava ta goge hannu a siket, ta ɗaga murya yadda za ta kai gefen murhu.

"Inna Vida, kina jina? Ni ba zan tsaya cikin ƙanƙara ina jiran mashayi ba. Shigowa zan yi yanzun nan. In baƙuwa ce ni, to shekararku ta hau ƙafata, ga ta nan cikin takalmin ɗanki, ku yi haƙuri da abin da ta kawo. In kuwa 'yar gida ce, na fita ne na dawo kamar kowa, Gvozden na nan a matsayinsa. Ke za ki faɗa. Ki yi sauri, yatsuna sun fara mutuwa."

Daga ciki tsohuwa ta ce, "Wa ya taɓa mini wuta?"

"Ni ce."

"Me ke ciki?"

"Gidan tsuntsu. Ya girmi wasu jikokinki."

"Shekara nawa ina gaya wa waɗannan ƙattin su hau su duba? 'Ya'ya maza huɗu na haifa, ko wanne da ciwon baya." Ta yi tari ta tofa a murhu. "Stana, kauce mata."

"Inna, ba su je coci ba fa."

"Ke kin je, kin taɓa hawa rufin? Baƙo ba ya hawa rufin mutane da asuba. Ke Lepa, shigo ki rufe ƙofa, kina sa mana sanyi. Ki wanke wannan fuskar, ki zo ki karɓi Stana a tukwane."

Leposava ta kakkaɓe ƙanƙara ta shiga. Ta cire takalmin ta miƙa wa Dragutin ba tare da ta dube shi ba.

Gvozden bai iso ba sai wajen ƙarfe tara, ido jajur. Ya taka da ƙafar dama ya ce, "An haifi Almasihu!" Aka amsa, "Hakika an haife shi!" Aka watsa masa alkama. Ya ɗauki reshe ya daki gungume kamar yadda ya saba, da ƙarfin mai dukan jiƙaƙƙen itace. Tartsatsi ya tashi har ya ƙone masa gira. Ya ja da baya yana kirari: yawan tartsatsi yawan tumaki, yawan tartsatsi yawan lafiya. Ya ce shekara goma sha tara bai taɓa ganin hannunsa ya yi kyau kamar bana ba. Ba wanda ya gyara masa. Aka ba shi safar ulu da kujera mai matashi, aka zuba masa barasar gida a kofin gilashi.

Leposava ba ta ga ƙarshen abin ba, tana bayan gida da tiren gasa alade da kwanukan mutum talatin da biyu. Stana ta jefo mata tsumma ta ce, "Ba haka muke wanke shi a nan ba, Lepa."

"Daga yau haka za ku riƙa wankewa."

Dragutin ya zo ya tsaya a kanta, yana murza hula. Ya ce bai ji daɗi ba, ranar biki guda an haɗa ta da wanke-wanke.

"Matsa, ka tare mini haske," in ji ta. "Kuma ka gaya wa wanka, in bazara ta yi a samo raga a rufe bakin bututun nan. Zan zo in duba."