Keken Jikar Mai Faci

A titin da ya bi ta bayan makarantar firamare akwai wata rumfar kwano, gabanta bokitin ruwan da ake gano hudar taya, gefe guda famfo da tulin tsofaffin tayoyi. Nan mai faci yake zaune tun gashinsa na baƙi. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Baba Sake-Hawa yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Sunan ya fito ne daga yadda yake koya wa yara keke. Da yamma in aiki ya lafa, sai ya ɗora yaro, ya riƙe sirdi ta baya yana binsa da gudu, can ya saki bai ce uffan ba. In yaro ya faɗi, to fa Baba ba ya ɗaga shi. Tsayawa yake, hannuwa a baya, ya duba daga nesa ko akwai karaya, in babu ya ce, "Tashi ka ɗaga kekenka. Sake hawa." Iyaye mata sun sha zuwa su zazzage masa masifa, wai tsohon nan ba shi da tausayi. Ya bar su su gama, gobe su sake turo masa ƙannen.

Haka ya reni ɗansa tilo, ba a keke kaɗai ba, a komai. Yaron ya tashi da himma, ya yi karatu, ya sami aiki a wani gari mai nisa. Sai dai ya haddace darasin fiye da yadda uban ya so: bai taɓa neman sa da wata damuwa ba. Waya sai jefi-jefi, ita ma, "Lafiya lau, Baba, komai daidai." Da matar mai faci ta rasu, gidan ya yi masa faɗi. Yakan kunna rediyo ba don ya saurara ba, don dai a ji ana magana a ɗakin. Kaɗaici ya dame shi, kuma ba mutumin da zai buɗe baki ya faɗa ba ne.

Ran nan sai ga ɗan ya kawo masa jika ta yi hutun makaranta. Yana sauke jakarta ya ce, "Baba, in ta ji daɗin zama, kowane hutu zan riƙa kawo ta. In ba ta ji ba, ni ba zan matsa mata ba."

Maganar nan ta zauna wa tsoho daram a ƙirji. Washegari ya tono wani ƙaramin keke daga cikin tarkace, ya wanke, ya sa masa sabuwar sarƙa da ƙararrawa, ya shafa masa koren fenti. A ransa ya gama lissafi: keken zai zauna a nan, in tana son hawa dole ta dawo wurin kakanta.

Yarinyar kuwa ga surutu ga dariya, amma ba ta iya jure komai. Ta fara koyon ɗinki ta watsar, ta shiga ajin zane ta fita. Abu kaɗan sai ta turo baki ta ce, "Ni na fasa." Nan take kakan ya laƙaba mata suna Hajiya Na-Fasa.

"Kai kuma tsoho mai warin giris," in ji ta.

"Warin giris ɗin ne ya yi wa ubanki karatu, 'yar nema."

Da ta fara koyon keken, faɗuwar farko ta goge gwiwa. Ta zauna a ƙasa ta miƙo masa hannu tana kuka. Wayyo, a nan ne zuciyar tsoho ta kusa cin amanarsa! Shekara da shekaru yana kallon 'ya'yan mutane suna birgima a ƙasa ko gezau, yau ga ƙafarsa tana son tafiya da kanta. Ya damƙe hannuwansa a baya har yatsun suka yi ciwo.

"Ba karaya. Tashi ki ɗaga kekenki."

"Na fasa! Ka kira min Babana ya zo ya ɗauke ni. Ba zan ƙara zuwa gidanka ba!"

Ta shige gida ta bar shi da keke a yashe. Shi ma bai ɗaga ba, nan ya bar shi a gefen titi. Ya koma rumfa ya zauna, ya ɗauki taya ya ajiye, ya rasa abin da yake yi. Ya sani sarai da zai riƙa goya ta a bayan babban kekensa yana zagaya gari da ita, yana saya mata alewa, da ta so shi, da ta dawo. Ya ji tsoro ƙwarai, tsoron da bai ji ba tun ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti. Amma ya tuna ɗinkin da zanen, ya ga in shi ma ya lallaɓa ta, to wa ya rage?

Can da yamma ta leƙo, ido a kumbure. "Kaka, za a sace keken fa."

"To ai naki ne. In kina so, je ki ɗauko."

Ta je ta ɗago shi da ƙyar tana ƙunƙuni, ta turo. Kafin ta kai rumfa ya ce, "Tunda kin ɗago, ai sai a ɗan gwada." Ta harare shi, ta hau.

Ta faɗi ranar, ta faɗi washegari, ta sha faɗuwa har ya daina lura. Gwiwoyinsa ba sa son gudu yanzu, yana haki kamar tsohon famfo, amma bai fasa bin ta ba. Ana gab da ƙarshen hutu ya saki sirdi, ta miƙe ɗoɗar har bakin makaranta, ta juyo da kanta, tana kaɗa ƙararrawa tana ihu.

Ranar da uban ya zo ɗaukarta, ta yi masa zagaye a titi ya gani, ya riƙe baki. Sai ta tsaya gaban kakanta ta ce, "Kaka, zan tafi da shi. Kai ka ce in ban hau kullum ba hannuna zai lalace. Ni kuma ba na son in fasa."

Shi ya faɗa, ba ƙarya ta yi masa ba. Ya dubi keken, ya dubi yarinyar. Sai ya ɗauko sufana ya cire tayar gaba don keken ya shiga bayan mota, ya nuna mata yadda ake mayarwa, ya sa ta ɗaure noti da hannunta har sai da ya kama. Sufanar ma ya ba ta.

"Sai wani hutun ke nan?" ya tambayi ɗansa, kamar ba komai ba.

"Sai dai mu gani, Baba. Ka san yanayin aiki."

Mota ta tashi. Yarinyar na kujerar baya da taya a cinya tana juya ta, ko waiwaye ba ta yi ba. Ya ji daɗi, wallahi ya ji daɗi, jikarsa ta ce ba ta son ta fasa. Da ya juya zai koma rumfa, sai ya rasa wanda zai gaya wa.