Kifin da Ban Soya Ba

Shekara talatin da huɗu ina dafa wa maigidana abinci, abu ɗaya tak ya taɓa roƙona na ƙi yi masa, kuma ba sau ɗaya ya roƙa ba. Wani abincin Rashawa ne da suke kira kulibiyaka. A ƙasarsu ya yi karatun likita tun kafin ya san da ni, ya dawo da takardarsa da wata hula mai kunnuwa da kwaɗayin wannan abu. Duk shekara in sanyi ya shigo Landan aka fara kunna hita, sai ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya fara yi min bayani: ƙullin burodi ake shimfiɗawa, a jera shinkafa da dafaffen ƙwai da albasa da kifi, a naɗe a gasa. Ni kuwa in ce burodi daban, shinkafa daban, wanda ya fara cusa su ciki ɗaya yunwa ce ta ruɗa shi. Har suna na raɗa wa abin, burodi mai ciki. Sai ya yi dariya ya koma falo, ni kuma in ci gaba da tuƙa tuwona.

Ba ƙiwa ce ta hana ni ba. Ina ji da girkina, wannan ba na ɓoyewa. A unguwarmu ta Catford in za a yi suna ko walima ni ake kira in sa hannu a miya. Haushi nake ji a ce mutumin da ke cin miyar taushena kullum yana zaune yana tuna abincin wata.

Matar kuwa tsohuwa ce, mai gadin ƙofar gidan kwanan ɗalibai. Sanyinsa na farko a can ya kusa kashe shi. Bai iya yarensu ba tukuna, yana tsoron kada a ba shi naman alade, don haka ya koma burodi da shayi safe da yamma, har zazzaɓi ya kayar da shi. Tsohuwar ta lura kwana biyu bai fito ba, ta hau sama da wani abu a naɗe cikin tawul. Ya girgiza kai ya ƙi karɓa. Sai ta je jikin tagar da ta yi raɓa ta zana masa kifi da yatsa. Ya karɓa ya ci. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma duk sanda ya zo wajen zanen kifin sai ya ɗaga yatsa ya zana shi a iska. Wata rana ma ina wanke-wanke na ce masa ai na haddace, ya huta.

Bayan ya yi ritaya da shekara biyu ya fara sarƙewa da abinci. Kowace loma sai ya bi ta da ruwa. Shi likita ne, na tabbata ya gane tun kafin ya yarda a duba shi. Da aka duba aka ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Aka fara yi masa gashi a asibiti, maƙogwaron ya zama kamar gyambo. Na dama kunu, na yi farfesu na tace, na yi fate mai ruwa-ruwa. Cokali biyu yake sha ya ture. Rigunansa suka yi masa yawa, agogonsa ya riƙa zamowa har bayan hannu. Ni abin da na sa a gaba ɗaya ne, ya ci abinci. A tunanina in dai yana ci, ba zai tafi ba.

Wata safiya ina kwashe kwanon kunun da bai taɓa ba ya ce, “Hajiya, ba za ki yi min burodi mai cikin nan naki ba?”

Da sunan da nake tsokanarsa ya kira shi. Na ce to, kafin ma ya rufe baki.

Autarmu ce ta nemo min hoton bidiyo a waya. A nan aka haife ta, tana jin Hausa tsaf amma da Turanci take amsawa. Muka zauna a kicin, wata mata mai farin gashi tana nunawa a hankali. Na kalli rabi na ce na gane. Autar ta ce in bari ya ƙare. Na ce mata tun ba a san za a haife ta ba nake kwaɓa fulawa.

Na hau bas na je wajen mai kifi na sayo salmon mai kauri, ja kamar gwanda. A bidiyon, matar nan shafa wa kifin wuta kawai ta yi ta sauke, cikinsa ɗanye. Ni ban ga yadda zan ba marar lafiya ɗanyen kifi ba. A gidanmu kifin da ba a soya ya yi ƙaras ba ƙarni ne. Na wanke shi da lemon tsami, na shafe shi da citta da tafarnuwa, na soya shi har ya yi ja ya ƙandare. Shinkafar na ga ta yi fari fat, abin tausayi, na jajjaga attarugu biyu da tattasai na juya ta a ciki, na marmasa dunƙule. Ganyen da suke sawa mai siririn gashi, dil suke ce masa, na sansana na ajiye. Laimar kwaɗin da suke yankawa a ciki kuwa ko sayowa ban yi ba, don ni a saninta a bayan gida take tsirowa da damina. Akwai wata wainar fulawa sirara da ake shimfiɗawa a ƙasa, na ce ɓata lokaci ne.

Ya fito daga oven ya yi kyau a ido. Na yanka na kai masa a kwanonsa, na tsaya daga bakin ƙofa. Ya gutsura kaɗan ya tauna. Sai tari ya sarƙe shi. Ya riƙe wuya, idanunsa suka kawo ruwa, jijiyoyin goshinsa suka tashi. Attarugu na zuba wa mutumin da maƙogwaronsa yake a saɓule. Ba mantawa na yi ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba, ni kuma ban tsawata masa ba saboda ina ganin na fi matar bidiyon sanin daɗi.

Da tarin ya lafa ya share ido ya ce, “Ya yi daɗi. Sannu da aiki.”

Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Na koma kicin na rufe ƙofa na yi kuka, na juye sauran a shara.

Ba a yi sati biyu ba aka kwantar da shi a asibiti. Ba abincina ne ya jawo ba, likitocin sun faɗa, shi ma ya faɗa, hanyar ce ta ƙarasa toshewa. Ya dawo gida da bututu a ciki, ta nan ake ɗura masa wani farin ruwa daga leda. Nas tana zuwa kowace safiya. Aka ce ba abin da zai ƙara bi ta bakinsa, sai dai a jiƙa masa leɓe da auduga. Na tattara kwanonsa na ɗora a saman kabad don kada in riƙa ganinsa. Girki ma na daina, shayi da biskit nake yi a tsaye, don ina jin nauyin ƙamshi ya kai masa ɗaki.

Ran nan bayan nas ta tafi ya kira ni. Muryarsa ta dishe, sai na sunkuya nake ji.

“Ki sake yi,” ya ce.

“Likita, wa zai ci?”

“Ki dai yi. Amma wannan karon ni ne mai kicin.”

Washegari autar ta fasa zuwa aiki ta zo, muka tura shi a keken marasa lafiya har bakin ƙofar kicin, inda ya saba tsayawa. Muka lulluɓe shi da bargo, sandarsa a kan cinya. Ta sayo duk abin da na tsallake.

Na kwaɓa ƙullin da madara mai ɗumi da yis da bota da ƙwai, na rufe na ajiye kusa da hita ya tashi. Na dafa shinkafa da gishiri kawai. Na yanka albasa na soya a bota a hankali, ya ce kada ta yi ja, ta yi laushi dai. Laimar kwaɗin da bakin yatsu na riƙe ta ina yankawa ina yatsina fuska, na ga yana dariya ba sauti. Ya sa na bar ta a wuta har ruwanta ya ƙone. Na dafa ƙwai huɗu na daddatsa. Na yi wainar fulawar nan guda shida, sirara har kana hango hannunka ta ciki. Sai a lokacin ya gaya min amfaninta: ita ke shanye ruwan kifi don kada gindin burodin ya jiƙe.

Da aka zo kan kifin, na barbaɗa gishiri na sa a bota mai zafi. Ban gama gyara tsayuwa ba ya ce in juya. Na juya. Ya ce in sauke.

“Ɗanye ne fa,” na ce.

“A ciki zai ƙarasa.”

Na sauke raina bai so ba. Hannuna ya nufi kwalbar yaji ban ma sani ba, sai na ji ƙwas, ya buga sandarsa a jikin ƙofa. Autar ta ɗauke kwalbar ta sa a aljihun rigarta.

Na murza ƙullin ya yi faɗi, na shimfiɗa waina, na zuba shinkafar da na cakuɗa da ganyen dil, na ɗora ƙwai, na sake waina, na kwantar da kifin, na rufe shi da albasa da laimar kwaɗi, sai sauran shinkafar a sama. Na naɗe, na matse bakin, na kifa ɗinkin a ƙasa. Ya ce in huda ƙofa biyu a sama don tururi. Na shafe da ruwan ƙwai. Ɗan ƙullin da ya rage na ɗauka zan jefar, ya ɗaga yatsa ya zana kifi a iska. Na yanka masa ɗan kifi da wuƙa na manna a sama, wutsiyar ta karkace. Ya ce na tsohuwar ma a karkace yake.

Yana cikin oven ƙamshin ya cika flat ɗin. Ya lumshe ido, hancinsa yana motsi. Da ya fito ya sa na narka bota na tsiyaya ta ƙofofin nan biyu, muka jira ya huce kaɗan. Na sauko da kwanonsa daga saman kabad na wanke. Da na yanka, kowane hawa ya tsaya a wurinsa, fari da rawaya da ja, kifin ya nuna yana sheƙi, gindin kuma a bushe. Muka mayar da Likita falo, na ajiye tiren a gabansa ya gani, na juya zan fita kamar yadda na saba.

“Zauna,” ya ce. “Ki ci.”

Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Haka na taso na ga iyayenmu mata suna yi, a kai wa maigida nasa, mace ta ci a ciki. Da muka zo Landan ma, a ɗan flat mai ɗaki biyu, shi a falo, ni a kicin. Yaran sun yi min dariya har sun gaji, shi ma ya yi magana a farkon aure ya haƙura. Ni kunya ce, kuma ina ganin girmamawa ce.

“Bari in je kicin in ɗanɗana,” na ce.

“A nan. Ki ci ki gaya min yadda yake.”

Autar ta zame ta fita ta ja ƙofa. Na zauna a kan kafet a gabansa, na jawo kwanonsa, na yi bismilla. Na gutsura kaɗan. Na kai baki na tauna, shi kuma idonsa a kan bakina.

“Yaya?”

Na so in yi masa ƙarya, in rama irin wadda ya yi min ranar attarugu. Amma bai sa mun tura shi har kicin don in yi masa kara ba.

“Gaskiya, Likita, lami ne. Ba yaji, ba komai. Bota ce kawai da ƙamshin ciyawar nan.”

Kafaɗunsa suka fara girgiza, yana dariya yana riƙe da bututun don kada ya motsa. Hawaye suna bin kumatunsa.

“To shi ne,” ya ce. “Abin da na ce a raina ke nan ranar da tsohuwar ta kawo min. Kuma na cinye shi tas. Ƙara.”

Na ƙara. Ya tambaye ni kifin, na ce yana narkewa a harshe, ba ƙarni. Ya tambaye ni ɓawon, na ce samansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. Ya ce in ci wajen da botar ta taru. Yanka uku na ci, ina ci ina kuka, ban rufe baki da mayafi ba. Duk sanda na haɗiya sai in ga maƙogwaronsa ya motsa, yana haɗiya tare da ni, ba komai a bakinsa.

Bayan sati uku ya rasu, da hantsi, ina riƙe da audugar da nake jiƙa masa leɓe.

Yini ɗaya aikin ya ci min, daga kwaɓi har yanka. Shekara da shekaru ya yi yana tsayawa a bakin ƙofar nan da lafiyayyen maƙogwaro, ban ba shi yini ɗaya ba. Wannan ne ke ci na har yau, ya fi rashin ma ciwo wani lokacin.

Bana da aka kunna hita na hau bas na sayo kifin. Na sauke shi daga wuta yana ɗanye, na yi wainar, na manna ɗan kifin a sama. Na zuba a kwanonsa na kai falo, na zauna a kafet a gaban kujerarsa. Har yanzu lami ne. Kwalbar yaji tana kicin, ban tashi na ɗauko ba.