Muniru, Direban da Ya Ƙi Buɗe Famfo

Kullum bayan sallar asuba Malam Muniru yakan gangaro daga tudun Highbridge na unguwar Bronx da gorar shayinsa, ya nufi garejin motocin tanki. Shekara ashirin da shida ke nan. Kafin ya taɓa sitiyari sai ya zagaya motar da wata 'yar na'ura a hannu. Da ta kusanci tankin sai ta kama kuka, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar gyare a bayan randa. Ruwan da ke ciki kuwa garau yake, ka rantse na alwala ne, alhali wanke-wanken ɗakunan bincike ne mai gubar nukiliya. Ikon Allah! Ido bai gan ta ba, hanci bai ji ta ba, sai ƙarfe ne ke jin ta ya yi kuka. Aikin Muniru shi ne ya kai ruwan can nesa inda ake tace shi.

Kadri, abokin tuƙinsa, shi ya shaida abin da ya faru shekara tara da suka wuce. Ran nan da hantsi ana sheƙa ruwan sama, wurin tacewa ya aiko cewa ba zai karɓi kaya ba sai wani mako. Manajansu na lokacin ya nuna wa Muniru magudanar da ke bayan gareji, wadda ke ɓullewa teku, ya ce ya buɗe famfon tanki, ruwan sama zai tsarma shi, ba wanda zai sani.

Muniru ya yi tsaye yana jiƙewa. Kakarsa ya tuna, can Zangon Kumasi. Yana yaro, in ya watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla, sai ta ranƙwashe shi ta ce, "Ƙasar nan ba kai kaɗai ke cikinta ba, akwai waɗanda ba ka gani."

"Yaya Muniru, buɗe mu tafi," in ji Kadri. "Teku fa! Giwa ma ta faɗa ciki ba ta cika shi."

"Kai, Kadri, kifin da ka cinye jiya da waakye, shinkafa da waken nan, daga sama ya faɗo?"

"Za su kore ka, wallahi."

"To, su kora. Ruwan tukunya ma ana sallama kafin a zuba. Wannan da wane baki zan yi masa bisimilla?"

Ya zare makullin famfon, ya kira hukuma da wayarsa. Mako bai zagayo ba aka sallame shi. Wata goma sha ɗaya yana wankin motoci, hannunsa na tsagewa da sanyi, matarsa Suweiba tana jinyar tsofaffi ba hutu, kafin wani kamfani ya ɗauke shi.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma nakan zauna a jirgin ruwan Staten Island in yi ta kallon ruwa. Ba shi da katanga. Ƙaramin kifi ya sha gubar, babba ya haɗiye ƙarami, babban ya ƙare a tukunyar wata baiwar Allah a Accra da ba ta taɓa jin sunan Bronx ba. An ce wata gubar ma tana nan har jikan jikanka ya yi furfura.

Kai ne, Muniru, ka tsaya wa mutanen da ba za su taɓa sanin sunanka ba. Kai ne murfin da bai yi yoyo ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki. A walimar da aka shirya masa, Suweiba ta tura masa farantin soyayyen kifi ta ce, "Ci, Baban Najat. Wata goma sha ɗaya na yi ina jin haushin kifin nan, yau na yafe masa." Kadri ya yi dariya har da hawaye, kuma ban tabbata duk na dariya ba ne.

Mun gode, Malam Muniru, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka rage, kowa da famfon da aka damƙa masa. Kafin ka murɗa naka, tambayi kanka wa ke ƙasa.