Bappa Sambo da maɗatai bakwai da suka rage

Shekara arba'in da 'yan kai, in Bappa Sambo ya gama tatsa da safe ya kora shanu, ba ya bin su kai tsaye. Sai ya ratse ta fadamar da ke gabas da ƙauyenmu, nan ƙasar Gesheme, ya bi itatuwan maɗacin wurin ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa wannan, ya leƙa wancan. In ya tarar an sassaƙi ɓawo, sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe ciwon. Ba wanda ya ɗauke shi aikin nan, dogaran daji ma ba su san sunansa ba.

Bafulatani ne makiyayi, mai maganin dabba da na mutum. Inna Sahura, ungozomarmu, ta ce ba ta san iyakar masu jegon da jiƙonsa ya tayar ba. Shekarar da zawo ya shiga awaki, gida gida ya bi da ƙwaryarsa har ƙafarsa ta kumbura. Manoman da ba sa ga maciji da Fulani in damina ta sauka, shi kam tabarma suke shimfiɗa masa.

Ƙa'idarsa gadonta ya yi. Ba a ɗibar ɓawo ya wuce tafin hannu. Ba a zagaye icce da wuƙa. Wanda aka ɗiba sai ya huta damina uku. Baƙo kuwa ba ya taɓawa sai da yardar gari, Arawa da Fulani baki ɗaya. Tsofaffi kan ce akwai doguwa, wato iska, a fadamar, wanda ya karya doka za ta shanye masa hannu.

Nan muka shigo, mu samarin lokacin, da 'yan littattafanmu da 'yar kasuwancinmu, kai na hayaƙi. Muka yi ta wa'azi cewa ba mai cutarwa sai da ikon Allah. Har yau ina kan wannan, ban janye ba. Kuskurenmu shi ne mun haɗa dokar da doguwar mun watsar tare. Da wasu fatake suka ƙetaro iyaka da buhuna suna neman ɓawon maɗaci, ni Mukhtar, mai wannan rubutu, ni na goya su a babur na kai su fadama.

Can Bappa Sambo ya same mu, sandarsa a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Mukhtar, ni ma salla nika yi kamak kai, kuma ban taɓa ganin doguwa ba. Amma tsoronta shi at tsaron iccen ga. Kun ɗauke tsoro, to mi kunka aje a gurbinai?"

Na yi dariya na ce, "Bappa, icce ai na Allah ne."

"Na Allah na," in ji shi, "shi as sa ba naka ba na kai ɗai."

Rani biyu aka yi ana fere su kamar rogo. Cikin maɗatai ashirin da uku, sha shida suka bushe a tsaye. Mata suka koma sayen ɓawo a kasuwar Dogondutsi, wanda ba su san da me aka gauraya shi ba. Ina jin kunyar wannan har gobe.

Kai ne, Bappa, ba ka zage mu ba, ba ka kai mu ƙara ba. An ganka da bokitin laka kana shafe itatuwan da kai ma ka san ba za su tashi ba. Bakwai da suka rage, a gindinsu ka koma kiwo, har fataken suka gaji da ganinka suka daina zuwa.

Bara waccan wata malamar jami'a, Asiya, ta zo daga Yamai da na'urar ɗaukar murya, tana son ya faɗa mata magungunansa. Ya ba ta nono ta sha, sannan ya ce, "Sanin ga ba nawa ba na, ajiya ta. Tahi ki tambayi gari." Allah ya saka mata, ba ta yi fushi ba. Mako guda ta yi tana bin mai gari da ardo da mata da limamai, har aka yi taro. Daga taron nan aka rubuta yarjejeniyar da muke da ita yau, da Hausa da Faransanci, magajin gari ya buga hatimi. Ba mai ɗibar ɓawo ko saiwa, ba mai ɗaukar murya ko hoto don ya tafi da sanin gari, sai taron gari ya yarda, an san abin da zai yi da shi da abin da zai dawo wa mutane. Sauran dokokin kuwa na Bappa ne, kalma da kalma. Sunayen magungunan ne ya hana a rubuta. Ya ce mai son sani ya zo gindin icce a nuna masa.

Bana yanar ido ta zaunar da shi, ya miƙa tsaron fadama ga mutum biyar da gari ya zaɓa. Na je gaishe shi, na roƙi gafara. Ya ce ya yafe tuni. Na tambaye shi ko akwai abin da muka rasa da ba zai dawo ba. Sai ya ce:

"Akwai wani kauci, tsiro na da ka hita bisa tsohon maɗaci kaɗai. Magani huɗu nika yi da shi. Tsohin sun mutu, ba ni da abin da zan gwada muku."

Mun gode, Bappa Sambo, makiyayin itatuwa. Godiyarmu ta makara, amma ka karɓa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da kuke da irinsa a garuruwanku, ku je ku zauna gabansa tun yana gani, ku rubuta dokokinku tun da sauran abin tsarewa. Ɗiyata Firdausi ta tambaye ni kwanan baya wa ya kashe itatuwan fadama. Na ce mata fatake ne. Gobe zan ba ta wannan takarda ta karanta.